Tambayi Mai Kiwo: Ta haihu, amma ba ta daina hawa taya ba

Yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili na tumakin layya ne, da tattabaru, da zomaye masu ƙin ci in zafi ya tsananta. Wannan karo sai ga tambayoyi a kan dabbobin da tsohuwata, Allah ya jiƙanta, ke kira "kusun Nasara", wato hamsta da jarbil. Na yi kiwonsu shekaru da dama a bayan ɗakina, tun ranar da ɗiyata ta shigo da guda biyu cikin kwalin takalmi, don haka zan amsa da abin da idona ya gani.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba Mai Kiwo. Wata abokiyar aikina da ta gama zamanta a Yamai za ta koma ƙasarsu ta bar wa yarana hamsta mace, babbar nan mai launin zinariya. Ba mu san tana da ciki ba, sai ranar Laraba da asuba muka ji tsuwa a cikin sheƙarta. Mun hango ƴaƴa bakwai. Yau kwanansu huɗu. Damuwata ita ce kowane dare sai ta fito ta hau tayar gudunta, wadda ke cikin keji tana juyawa in ana gudu a cikinta, kuma jiya da safe muka tarar da jariri ɗaya kwance ƙarƙashin tayar, da ransa dai. Maigidana ya ce a cire tayar. Ɗiyata kuma kuka take, ta ce in an cire uwar za ta fusata ta cinye su. Tayar ta ƙarfe ce, mai sanduna kamar tsani. Wa za mu bi? (Maman yara, Yantala)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya. Ki gaya wa maigida yana da gaskiya, ki share wa ɗiyarki hawaye ki ce mata ita ma ba ta yi ƙarya ba. Tayar nan fita za ta yi. Abin lura shi ne yadda za a fitar da ita.

Bari in fara da yadda jaririn ya je can, don ɗan kwana uku ba ya tafiya. Makaho ne, tsirara, bai fi ƙwayar gujiya ɓararriya ba, nauyinsa giram 2 ko 3. Amma in ya kama nono, riƙo yake yi na gaske. Uwar ta miƙe cikin dare ta nufi taya, shi kuwa yana maƙale a cikinta, sai a hanya ya saki. Sa'arku a ƙasa ya faɗi. Da ta hau da shi, tayar ta ɗauki gudu, ko dai ta wurga shi, ko ƙafarsa ta zurma tsakanin sandunan. Irin tayar da kika kwatanta tana da wani mugun wuri kuma: inda sandar gicciye ke wuce ƙafar da ke riƙe da tayar. Kowane juyi sai su haɗu kamar almakashi. Ko babbar hamsta tana karya ƙafa a nan, balle jinjiri.

Tsoron ɗiyarki kuma yana da tushe. Hamsta mai jego in ta firgita takan kwashe ƴaƴanta ta cusa a kumatu, irin yadda gafiya ke cika kumatunta da hatsi, wani lokaci su shaƙe a ciki. Wani lokacin kuma cinye su take yi. Wannan hali an san shi tun ranar farko. A 1930 wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni ya sa aka haƙo uwa da ƴaƴanta daga rami a wata gona kusa da birnin Halab na Siriya, kuma kusan duk hamsta mai launin zinariya da ake kiwo a gidaje daga wannan haihuwa ta fito, har da taku. Da aka zuba su cikin akwati, abin da uwar ta fara yi shi ne kashe ɗa guda. Sai da hannu aka raini sauran. Kin ga kenan abin da ke tunzura ta shi ne a dame ta: hannun mutum cikin sheƙa, baƙon wari a jikin ƴaƴanta, hayaniya, haske da tsakar rana. Rashin taya na makonni kaɗan yana gundurarta, amma ban taɓa ganin ya kai ta ga cin ƴaƴa ba. Leƙe da taɓe-taɓe kuwa na gani.

To ga yadda za ki yi. Ki bari sai rana ta take, wajen azahar, lokacin da barcinta ya yi nauyi, don ita da dare take yawo. Yara su fita tsakar gida. Ki wanke hannu da ruwa zalla, ba sabulu mai ƙamshi, ba turare, sannan ki murza tafinki da ɗan garin katakon da ke shimfiɗe a kejin, daga gefen da ya yi nesa da sheƙar. Ki ɗaga tayar a hankali ki fito da ita, ki rufe, ki tafi. Kada ki ce bari in ƙirga su tunda na buɗe. Idan kuma ta gina sheƙar jingine da tayar, wasu kan yi haka, to kada ki motsa komai. Ki zura waya ta tsakanin sandunan keji ki ɗaure tayar tamau yadda ba za ta juya ba, ki bar ta nan.

Da kin rubuto tun tana da ciki, da na ce a cire kwana biyu ko uku kafin haihuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai cikin hamsta kwana 16 ne kacal, yana cikin mafi gajarta a dabbobi masu shayarwa, kuma ba ya fitowa sosai sai ƙarshe. Ba laifinki ba ne.

In kin sake tsintar jariri a waje, ki ɗan dakata tukuna. Tsuwarsa na kiran uwar, sau da yawa za ki ga ta fito ta ɗauke shi a baki ta mayar. In an jima ba ta zo ba, ki ɗauki ƙaramin cokali, ki goga shi a shimfiɗar kejin, ki kwashi jaririn da shi ki aje bakin sheƙa. Yatsa bai taɓa shi ba.

Shara kuma a manta da ita har mako biyu. Na san kejin zai yi zarni, na san kakar yara za ta yi magana. A yi haƙuri. Ruwa da abinci kawai za a riƙa sawa, kuma mutum ɗaya ya riƙa yi. Ki ƙara mata abin gina jiki: ɗan yankin dafaffen ƙwai, ba gishiri, da hatsi, da ɗan karas ko kokwamba. Ban da albasa, ban da tafarnuwa, ban da lemun tsami. Ki yayyaga mata farar takardar bayi marar ƙamshi ta ƙara a sheƙa. Auduga kam a'a, zarenta na naɗe ƙafar jariri ya tsuke ta har ta mutu.

Yaushe taya za ta koma? Nan ne mutane ke gaggawa. Wajen kwana 14 ko 15 idanunsu ke buɗewa, sai a ce ai sun girma. Alhali lokacin ne suka fi shiga haɗari, don sun fara yawo, komai sai sun hau, uwar kuma ba ta taka birki don wani ya saka kai. Ni sai sun cika mako uku zuwa huɗu nake mayarwa. Kafin nan ki ba ta aikin yi: watsa mata hatsin cikin shimfiɗa ta yi tono maimakon ki zuba a kwano, ki jefa mata kwalin tsakiyar takardar bayi ta yi ta gwaguya, ki sa kwanon rairayi mai tsabta ta yi birgima. Za ta ciji sandunan keji dare biyu ko uku don haushi, sannan ta haƙura. Shayar da bakwai ba ƙaramin aiki ba ne.

Waccan ta ƙarfen kuwa kada ta sake shiga. Wadda za ta maye gurbinta ta zama mai shafaffen ciki, ba rami ba sanda, bayanta a rufe, faɗinta daga baki zuwa baki santimita 28 ko fiye ga irin taku babba. Ƙananan nau'in hamsta santimita 20 ta ishe su. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki dube ta daga gefe tana gudu. In bayanta a miƙe yake, taya ta yi. In ya lanƙwashe kamar baka, kanta na kallon sama, ta yi mata kaɗan, kuma da sannu gadon bayanta zai gaya mata.

Sauran magana biyu da ba ki tambaya ba. Ta farko zafi. Dabbar nan ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24, mu kuwa a Afrilu da Mayu mun san abin da 44 ke nufi. Ki aje kejin a ɗakin da ya fi sanyi, ƙasa-ƙasa, nesa da taga, ki kifa mata fasasshen tulu ko ki sa falan tayil ta kwanta a kai. In wuta ta ɗauke, kwalbar ruwan ƙanƙara naɗe cikin tsumma a jingina daga wajen keji. Na taɓa rasa uwa da ƴaƴa biyar a yini ɗaya na watan Mayu, babu taya ko ɗaya a kejin. Ta biyu, hamsta irin wannan ba ta zaman tare. Da sun cika mako huɗu a raba maza da mata, don ba su daɗewa suke fara ɗaukar ciki, kuma kafin wata biyu kowa sai da ɗakinsa, in ba haka ba faɗa har kisa. Ƴaƴa bakwai, keji bakwai. Ki fara neman masu so tun yau, Hajiya.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Tahoua. Ina da jarbil biyu, mace da namiji, na samo su wajen wani abokina da ya zo daga Yamai. Macen ta haifi biyar, yau kwana tara. Akwai taya ta waya a kejin, namijin ne ya fi hawa. Abokaina sun ce in cire namijin kada ya cinye ƴaƴan, in bar tayar. Haka ne? (Ɗanka, Tahoua)

AMSA: Ɗana, abokanka sun juya maganar. Tayar za ka cire, uban ka bar shi.

Jarbil ba hamsta ba ne, ko da yake a shago ɗaya ake sayar da su. Wanda ake kiwo asalinsa daga busassun filayen Mongoliya da arewacin Sin yake, a 1954 aka kai shi Amurka don bincike, daga nan ya shiga gidaje. A daji zaman iyali yake yi, kuma namijin uba ne na ƙwarai. Ka leƙa da tocila daga nesa cikin dare: za ka gan shi kwance kan ƴaƴan yana ɗumama su yayin da uwar ta fita cin abinci, yana lashe su, yana gyara sheƙa. In ka raba su yanzu ka ninka wa uwar aiki, kuma sake haɗa jarbil biyu da suka manta warin juna wahala ce babba, sau da yawa da jini ake ƙarewa.

Amma ka shirya, akwai wata haihuwa a hanya. Macen jarbil tana karɓar namiji cikin yini guda bayan ta haihu. Cikinta kwana 24 zuwa 26 ne, in tana shayarwa yakan ja har wajen mako shida. Abin da nake yi shi ne in bar uban ya taya renon waɗannan, in sun kai mako biyar, kafin haihuwa ta biyu, in kwashe shi tare da ƴaƴansa maza zuwa wani keji, in bar wa uwar ɗiya guda ta taya ta. In ba haka ba, kafin ka gama lakwal ɗakinka ya zama kasuwa.

Tayar waya kuwa, ko babu jarirai ban yarda da ita ga jarbil ba, saboda wutsiya. Hamsta guntuwar wutsiya gare ta, jarbil kuwa tasa kusan tsawon jikinsa ce, mai gashi, da ɗan tuntu a ƙarshe. Fatarta ba ta da ƙarfi, an halicce ta ne ta saɓule in maciji ko mujiya ta kama. Na koyi wannan da tsada. Shekarun baya na sayi irin tayar nan a wani shago, mai shagon ya rantse mini ta jarbil ce. Dare na uku wuta ta ɗauke, muna kwance a tsakar gida, ina jin ƙiii-ƙiii ɗinta daga bayan ɗaki, sai na ji ƙarar ta tsaya cak, sannan wata ƴar tsuwa. Da na haska, namijin yana lungu yana rawar jiki, rabin wutsiyarsa ja wur, siririya kamar tsinken tsintsiya. Fatar da tuntun suna rataye a tsakanin wayoyi biyu kamar safar da aka tuɓe. Washegari likitan dabbobi ya yanke wurin da ya tsiraita. Ya rayu shekara biyu bayan haka, amma wutsiya ba ta sake tsirowa, kuma tsallensa bai koma daidai ba. Saboda wannan dalili ne ma ba a ɗaga jarbil ta wutsiya.

Naka suna kwana tara, wato gab suke da fara rarrafe. Ƴaƴan jarbil na fita yawo tun idonsu a rufe, ido sai wajen kwana 17 zuwa 20 yake buɗewa. Makaho mai yawo, da uba mai gudu a kan waya, ka ga ba sa haɗuwa. Cire ta yau. Ba za su yi kewarta kamar hamsta ba, don shi jarbil tono ne rayuwarsa. Ka zuba masa shimfiɗa mai zurfin santimita 20 zuwa 30, garin katako gauraye da busasshiyar ciyawa da yagaggen kwali, ka ga yadda zai haƙa ramuka ya manta da kai. In ƴaƴan sun kai mako biyar kana son mayar da taya, ka nemi ta katako ko ta shafaffen ƙarfe, mai faɗi yadda wutsiya za ta sake. Ta roba kwana biyu za ta yi su mai da ita gari. Kuma tunda a Tahoua kake, in ja maka kunne: albasar Galmi ta tukunya ce, kada ka ba su ko ɓawonta.

TAMBAYA: Malam, na zaga shagunan Plateau ban sami babbar taya mai shafaffen ciki ba, sai ƙanana. Ana iya ƙerawa a nan? (Wani uba, Bukoki)

AMSA: Ana iyawa, Alhaji, tawa ma ƙirar gida ce. Ka shiga kasuwar Katako ka nemi zagayayyen kwano ko roba mai kauri, faɗin santimita 28 zuwa 30, zurfin kamar 9 ko 10, mai miƙaƙƙen gefe. Ka sayi ƙaramin rulma wajen masu gyaran babur, abin da ƴan Najeriya ke kira boris. Kafinta ya huda gindin kwanon a tsakiya daidai, ya ɗaura shi kan rulman, ya kafa a jikin katako mai faɗin gindi yadda ba zai kife ba. Kan ƙusar da ke ciki ya zama a shafe, kada ya tsaya yana gogar bayan dabba. In cikin ya yi santsi a kankare shi da takardar yashi. Kada a manna tsumma ko buhu, farce na maƙalewa. Ka bi bakin da yatsa, duk inda ya karce ka zai yanke ta. In ta fara kuka, ɗigo ɗaya na man gujiya, ba baƙin mai ba, don lasa za su yi. Kafintana jikka biyu ya karɓa, bayan ya gama dariya da ya ji ko ta wace ce.

TAMBAYA: Malam Mai Kiwo, ni tsohon malamin makaranta ne, jikokina ke da dabbar. Ina kallonta tana gudu a wuri ɗaya har asuba, ba ta je ko'ina ba. Wannan ba hauka ba ce da kulle ya jawo mata? Ba zalunci muke yi ba? (Kakan yara, Talladje)

AMSA: Ranka ya daɗe, Malam, masana ma sun daɗe suna wannan gardama. A 2014 wasu masu bincike biyu na Leiden a ƙasar Holan, Johanna Meijer da Yuri Robbers, suka fitar da sakamakon wani gwaji: sun aje tayoyin gudu a fili, ɗaya cikin lambu, ɗaya cikin tudun rairayi, suka kafa kyamara. Ɓerayen daji da ba wanda ya taɓa kulle su suka riƙa zuwa suna hawa, su sauka, su sake hawa. Har kwaɗi an ɗauka a ciki. Da aka daina aje abinci a wurin, zuwan ya ragu, amma bai tsaya ba. Ashe dai abin yana yi musu daɗi.

Hamsta a daji doguwar tafiya take yi neman abinci, a kan taya kuma takan yi kilomita 8 a dare guda. Tunda Malam malami ne, ga lissafi: taya mai faɗin santimita 28, juyi ɗaya kusan santimita 88 ne, kilomita 8 kenan juyi dubu tara da ɗoriya. Jikin da aka gina don wannan, in aka hana shi, sandunan keji zai koma ci. Shi ya sa nake cewa cirewar da na ba Hajiyar Yantala shawara ta jego ce kawai, mako uku zuwa huɗu, ba ta dindindin ba.

Inda zan ba Malam gaskiya shi ne idan tayar ce kaɗai abin da ke cikin kejin. Dabbar da ba ta da wurin tono, ba maɓoya, ba abin gwaguya, sai kwano da taya cikin keji mai girman kwalin sukari, gudunta ba na nishaɗi ba ne. Malam ya leƙa na jikokinsa yau bayan isha'i. In ta sauka daga tayar ta je ta yi tono, ta cika kumatu, ta yi wanka cikin rairayi, ta dawo ta hau, lafiyarta ƙalau. In kuwa daga taya sai cizon ƙarfe, daga cizon ƙarfe sai taya, to a faɗaɗa mata ɗaki, a ƙara zurfin shimfiɗa, Malam ya rubuto mini bayan mako biyu in ji yadda ta koma.